Wuƙa A Bakin Turawa: Kalmomin Tsuga Kuɗi Da Na Yanka

Akwai takardu iri biyu waɗanda da wuya akawu ya shekara a ofis bai rubuta su da Turanci ba. Ta fari ita ce ta ba da labarin kayan da suka iso da lahani, ko motar ofis da ta komo daga rangadi da tabo a jikinta. Ta biyu ita ce ta kai kuka a kan ɗan kwangila ko mai kanti wanda ya sa wa kayansa kuɗin da ya wuce kima. Malamin makaranta ma bai tsira daga gare su ba, don ko shi bai rubuta wa hukuma ba, ai shi zai koya wa yaran da za su rubuta gobe. Wanda ya duba sama-sama zai ce ba abin da ya gama takardun nan biyu. Amma a wurin Bature wuƙa ɗaya ce ke aiki a cikinsu, domin da yawa daga cikin kalmomin da ya ke kiran mai ƙwarar mutane a ciniki, daga wajen masassaƙi da mahauci da wanzami ya aro su.

Abin da ya sa muka ga ya kamata a yi magana a kansu shi ne, kalmomin nan sun yi kama da juna ƙwarai, ƙamus kuma ya kan jera su wuri guda sai ka ce uwa ɗaya uba ɗaya. To, Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane. Wata labari kurum ta ke bayarwa, wata zargi ce, wata kuwa zagi ne ƙiri-ƙiri. Wanda bai san nauyin ko wace ɗaya ba ya kan ɗauko gatari inda allura za ta isa.

KURFIN MASASSAƘI

Bari mu fara da babbarsu, watau "gouge", wadda a kan faɗa kamar gauj. Asalinta sunan kayan aiki ne: wani irin kurfi mai lanƙwasasshen baki kamar cokali, wanda masassaƙi ke rarake itace da shi, irin aikin da a kan yi wa akushi. Mutanen Ingila daga Faransanci suka samo ta, Faransawa kuma daga Latin. Daga sunan ƙarfen sai ta zama sunan aikin. In an ce akwai "gouge" a jikin tebur, an ƙwaƙule wani abu ke nan daga jikinsa an bar rami. Daga itace ta haura kan ɗan Adam, ta zama ƙwaƙule wa mutum ido da babban yatsa wajen faɗa. Cikin ƙarni na 19 mutanen Amurka suka ɗauke ta suka kai kasuwa, suka riƙa jifan wanda ya ƙware su da ita.

Ku lura da hanyar da ta biyo, don ita ke nuna nauyinta. Kalmar da ta taɓa idon mutum ba ta wasa ba ce. Abin da a ke kira "price gouging" shi ne tsuga kuɗi a kan wanda ba shi da mafita, musamman lokacin masifa, kamar ambaliya, ko guguwa, ko annoba. Mai sayar da agogon zinariya ko ya ninka kuɗinsa sau goma ba a cika jifansa da ita ba, don mai saye na iya juyawa ya yi tafiyarsa. Amma mai sayar da ruwan sha ran da famfo ya ƙafe, ko mai magani ran da cuta ta ɓarke, in ya ninka kuɗi, shi ne kalmar ta ke nema.

A Amurka har ta shiga littattafan doka. Jihar Niyok ta kafa tata dokar a 1979, bayan da man ɗumama gidaje ya yi tsada da hunturu. Jihar Fulorida ta kafa tata a 1992, shekarar da wata babbar guguwa ta yi mata ɓarna. A Kalifoniya kuwa awo aka yi wa abin: da zarar hukuma ta yi shelar an shiga halin ta-ɓaci, ba a yarda mai kayan masarufi ya ƙara fiye da 10 bisa 100 a kan kuɗin da ya ke sayarwa kafin shelar ba, sai fa in ya nuna cewa shi ma tsadar ta hau kansa. A watan Maris na 2020, sa'ad da annobar korona ta kunno kai, an ba da labarin waɗansu 'yan'uwa biyu a jihar Tenesi da suka bi kantuna suka tara kwalabe 17,700 na ruwan tsabtace hannu don su sayar da tsada. Da hukuma ta sa musu ido, sai suka ba da su kyauta.

Akwai wani tarko a nan da ya kan kama masu buga tafireta da kwamfuta. Akwai "gouge", akwai kuma "gauge", wadda mu Hausawa muka ara muka ce geji, watau ma'auni. Harafi ɗaya ne tsakaninsu. Wanda aka aika kasuwa ya jiwo yadda kuɗin kaya ya ke, "gauge" ya je yi. In hannu ya zame aka buga ɗayar, an mai da ɗan aike ɗan ƙwara.

MASU ASKI DA MASU FIƊA

Ta biyu ita ce "fleece". Asalinta gashin nan ne mai kauri na tumakin Turai, wanda a kan aske sau ɗaya a shekara a yi ulu da shi. Tun ƙarni na 16 mutanen Ingila ke cewa an yi wa mutum "fleece", watau an aske shi kamar tunkiya. Bambancinta da ta fari shi ne, wanda aka yi wa "gouge" ya san ana cutarsa, ba shi da yadda zai yi ne. Wanda aka yi wa "fleece" kuwa da yardarsa ya tsaya, don rashin sani ko don amincewa, sai da iska ta buge shi ya ankara ba shi da riga. Ita ta dace da baƙon da ya faɗa hannun ɓata-garin dillalai.

Sa'an nan ga "skin", watau feɗe fata, da "scalp", watau kware fatar kai, abin da aka riƙa yi wa abokan gaba a yaƙe-yaƙen Amurka na da. Yau a Amurka "scalper" shi ne wanda ke saye tikitin wasan ƙwallo ko na waƙa da yawa, ya jira su ƙare a ofis, sa'an nan ya sayar da ninki. A Ingila "tout" su ke ce masa. Wannan kuwa ya kamata a kula da ita, don a Turancin ƙasar nan in an ce "tout", 'yan kamashon tashar mota a kan nufa.

"Sting" harbin zuma ne ko na kunama: ƙwara sau ɗaya, mai zafi, wadda ba ta kai ga talauta mutum ba. "Chisel" kurfi ne mai miƙaƙƙen baki, mai yin ta kuwa shi ne mai gutsurar kaɗan-kaɗan da dabara. "Rip off" kuma, watau fizge ko yage, ƙaramar ƙanwarsu ce, don a shekarun 1960 ta bazu a bakin samarin Amurka. Ita ce ta fi yawa a bakin mutane yanzu, ana kuwa faɗarta in kaya bai kai kuɗin da aka biya ba. Amma maganar kan titi ce, ba ta da wurin zama a takardar ofis.

Ta fi su daɗin tarihi ita ce "clip", watau datse da almakashi. A zamanin da, kuɗin Ingila na azurfa ne, da guduma a ke buga su, gefensu ba daidai ba. Sai macuta suka riƙa datsar gefen ko wane kuɗi kaɗan-kaɗan, su tara azurfar su narke, su kashe kuɗin a kan cikakken darajarsa. Laifin nan hukuncinsa kisa ne, amma bai hana ba. Daga 1662 aka shiga buga kuɗi da inji, ana yi musu zane ko rubutu a gefe don a gane wanda aka taɓa. A 1696 aka karɓe tsofaffin aka sake bugawa, a shekarar nan ce kuma aka ba shahararren masanin nan Aizak Niyuton muƙami a gidan buga kuɗi na Landan. Zanen da dattawanmu suka sani a gefen sule gadon wannan dabara ne. Kalmar kuwa ba ta mutu ba. A Amurka gidan shaƙatawar da a ke yaudarar baƙi a tsuga musu kuɗi, "clip joint" a ke ce masa.

TABON KAYA

Yanzu mu komo kan takardar fari, ta kayan da suka lalace. A nan ma kalmomin hawa-hawa ne, ga su daga ƙarama zuwa babba.

"Scratch" karcewa ce a bisa-bisa, fenti kurum ya tafi. "Nick" ɗan ƙaramin yanka ne a gefe, kamar wanda aska kan yi wa haɓa, ko ɗan giɓin bakin wuƙa. "Chip" ɓantarewa ce daga abu mai tauri, kamar bakin tangaran ko gefen gilashi. "Dent" lotsawa ce, kamar ta gwangwanin kananzir da ya faɗo daga mota. Asalinta daga wata tsohuwar kalma ne mai ma'anar bugu, saboda haka ba a "dent" sai an yi karo, ba kuwa abin da ya fita daga jikin kayan. Ƙaramar lotsawa mutanen Amurka kan ce mata "ding". "Gash" wawakeken yanka ne mai tsawo da zurfi. "Gouge" kuwa mun riga mun gan ta: rami ne wanda wani ƙarfe ko wani abu mai kaifi ya ɗebe nama. Sai "notch", wadda ta fita dabam, don ita tsaga ce da a kan yi da gangan don shaida ko ƙidaya.

Wannan rarrabewa tana da kuɗi a cikinta. Malamin sito da ya rubuta "dent" ya ce an yi karo a hanya, maganar ta koma kan direba ko masu lodi. In ya rubuta "notch" ya ce hannun mutum ne ya yi da niyya, sai a nemi mai laifi. In ya rubuta "scratch" a kan abin da ya ke "gash", ya yafe wa mai kawo kaya hasarar da ofis zai biya. In kuwa ya juya, ya rubuta "gash" a kan ɗan karce, ya ɗora wa wani bawan Allah biyan abin da bai ɓata ba, a cire daga albashinsa.

"Nick" ta fi duka rikici. A Ingila, a maganar kan titi, tana nufin sata, tana nufin kamun 'yan sanda, tana kuma nufin gidan yari, in kuwa an ce abu yana "in good nick", lafiyarsa lau ke nan. A Amurka a kan ce an yi wa mutum "nick" na dala kaza, watau an caje shi fiye da yadda ya zata. Sai a dubi wanda ya rubuta, a dubi kuma abin da ke kewaye da ita.

SANDAR BAITULMALI

Mai karatu na iya tambaya, me ya kawo wuƙa cikin maganar kuɗi tun farko? Wani ɓangare na amsar yana ofishin akawuna ne. Tun ƙarni na 12 baitulmalin Ingila da sanda ya ke ba da rasit. In mutum ya kawo kuɗi, sai a ɗauko 'yar sanda a yi mata tsaga: ta fam 1,000 faɗinta kamar tafin hannu, ta fam 100 kamar kaurin babban yatsa, ta fam 20 kamar ƙaramin yatsa, ta fam 1 kamar ƙwayar sha'ir. Sa'an nan a raba sandar biyu a tsaye, yadda ko wace tsaga za ta fito a ɓangarorin biyu. Mai biya ya tafi da dogon, wanda a ke kira "stock", baitulmali ya riƙe gajeren, watau "foil". Ran lissafi sai a gwama su. Wanda ya ƙara tsaga a nasa, ɗayan zai tona shi. Sandar nan ita ce "tally", kalmar kuwa 'yar'uwar kalmar Faransanci ce ta yanka, inda aka samo "tailor", watau tela, da "retail", watau sayar da kaya gutsure-gutsure. Gutsuren nan da ke saura a littafin rasit in an yage wa mai biya nasa, wanda ko wane ma'aji ya sani da "counterfoil", daga can ya gaji sunansa. Haka "score", wadda malamai ke faɗa wajen ba da maki, asalinta tsaga ce a jikin sanda.

Ba a daina aiki da sandunan nan ba sai 1826. Suka taru tuli a ɗaki, har ran 16 ga Oktoba 1834 aka shiga ƙone cikin amalanke biyu a murhun da ke ɗumama zauren majalisar masu sarauta. Ma'aikata suka yi ta cusawa, bututun hayaƙi ya yi zafi, da dare wuta ta tashi ta cinye mafi yawan ginin Majalisar Dokokin Ingila. Ginin da a ke gani yanzu a Landan, mai dogon hasumiyar agogo, bayan gobarar nan aka gina shi.

Irin wannan dabara ce ta haifi "indenture". A kan rubuta yarjejeniya sau biyu a fata ɗaya, a yanka tsakani da yanka mai haƙora kamar zarto, kowa ya riƙe nasa. Daga nan aka sami "indent", takardar neman kaya daga sito, wadda akawunan zamanin En'e suka sha cikawa.

INDA WUƘAR TA SAUKA

Ga kuma wurin da mai fassara ya fi faɗawa rami. Ba kullum yanka ke nufin tsada a Turanci ba. In an ce "cut the price" ko "slash the price", an rage kuɗin kaya ke nan, araha ta samu. In an ce "gouge the customer" ko "fleece the customer", an ƙwari mai saye. Ma'aunin shi ne a duba inda wuƙar ta sauka. In a kan kuɗin ta sauka, mai saye ya ci riba. In a kan mutum ta sauka, shi aka yanka. Kada "price gouging" ta ruɗe ku don kun ga kuɗi a gabanta, a can ma aljihun mai saye a ke ƙwaƙula.

Mu kuwa a Hausa yanka kuɗi ƙayyade shi ne. A kan yanka wa gari haraji, a yanka sadaki, a yanka wa mai laifi tara. Wanda ya fassara "an yanka masa haraji" da "his tax was cut" ya ce an rage masa, alhali kuwa ɗora masa aka yi. Kalmar da ta dace ita ce "assessed". Wanda kuma ya fassara "prices slashed" da "an yanka kuɗin kaya" ya bar mai karatu cikin duhu. Abin da Bahaushe ke cewa shi ne an karya kuɗin kaya, ko an rage.

ABIN DA ZA A RUBUTA A OFIS

To, da wace za a kai kuka wurin hukuma? Amsa ita ce "overcharge". Asalin "charge", wadda muka ara muka ce caji, ɗora kaya ne a kan amalanke, saboda haka "overcharge" ɗora wa mutum fiye da abin da ya kamata ne. Ba ta ce da gangan aka yi ba, ba ta ce kuskure ne ba. Ta faɗi abin da ya faru, ta bar wa mai bincike sauran. In ana so a ƙara mata nauyi, akwai "excessive", watau ya wuce kima, akwai "exorbitant", wadda asalinta a Latin fita daga sawun ƙafar keke ne, watau kuɗin ya saki hanya. "Profiteering" cin ƙazamar riba ne lokacin ƙarancin kaya. Da yaƙin duniya na fari ta yi suna, har Ingila ta kafa doka a kanta a 1919. "Extortion" kuwa, wadda asalinta murɗewa ne, karɓar kuɗi ne da barazana, laifi ne mai zaman kansa a gaban alƙali, kada a taɓa ta sai da shaida.

Ku dubi yadda masu tsara doka ke yi. Dokar Tarayya ta 2018 mai kare masu saye ta hana sayar da kaya a kan kuɗin da rashin adalcinsa ya fito fili, kalmomin da ta yi aiki da su kuwa su ne "unfair", da "unreasonable", da "unjust". Ko a Amurka inda "gouging" ta shiga doka, sai da aka bi ta da bayani ko da awo, don alƙali ba ya hukunci da zafin kalma. Haka ya kamata takardar akawu ta zama: ga kuɗin da aka yi alkawari, ga wanda aka nema, ga bambanci, ga rana, ga lambar rasit. Lissafi in ya fito sarai ya fi zagi cizo. Wanda kuwa ya rubuta wa mutum "gouger" ko "chiseler" a takarda mai hatimi, ya sa hannu, ya tuna cewa ɓata suna yana cikin laifuffukan da Final Kod ta Arewa ta lissafta tun da ta fara aiki a 1960. Mai kai ƙara na iya wayar gari shi a ke ƙara.

Ga malaman makaranta kuma, darasin nan ba ya bukatar littafi mai tsada. A kawo sandar sabulu guda, da wuƙa, da cokali, da tsohon gwangwanin madara. A karce sabulun da farce, a ɗan giɓe gefensa, a yi masa tsaga uku a jere, a ƙwaƙule shi da cokali, a buga gwangwanin da dutse, ko wane a rubuta sunansa a allo. Yaron da ya ga cokali ya ɗebe naman sabulu ba zai manta ma'anar "gouge" ba, ran da kuwa ya gamu da ita a jarida a kan wani ɗan kasuwa, zai san girman abin da aka faɗa. Gani ya kori ji.

Addininmu da al'adarmu duk sun hori mai tauye mudu, ba kuwa wanda ya ce a rufa wa maƙwari asiri. Amma adalcin da mu ke nema daga mai awo, shi a ke nema daga mai alƙalami: ya auna kalma daidai da laifi, kada ya tauye, kada ya yi tozo. Magabata sun ce baki shi ke yanka wuya, abin da aka rubuta kuwa ya fi na baki daɗewa a fayil. Allah ya sa mu fi ƙarfin alƙalumanmu, amin.